Ganyen Rufin Cittar Mama

Talata, 8 ga Afrilu, ƙarfe bakwai na safe

An yi ruwan farko jiya da yamma a Kafanchan. Kowa a gidan hayarmu ya fito da bokiti yana murna, ni ma na fito da nawa.

Yau ko fuska ban wanke ba ƙanena Meshak ya bugo waya. Shi ne mai gadin kurmin ƙauyenmu, can bayan Fadan Kaje, tun da aka sa hannu a yarjejeniya da kamfanin da nake wa aikin lauya. Ya ce gari na wayewa Mama da matan unguwa kusan goma suka zo bakin kurmi da lauje da igiya, za su yanki ganyen rufin citta kamar kowace shekara, shi kuma ya tare hanya. Ya karanta musu sashe na tara da ke manne a allon bakin kurmi: ba a cire komai daga ciki, ko reshe ko ganye, ɗanye ko busasshe. Mama ta kalle shi tun daga hula har takalmin roba, ta juya, sauran suka bi ta.

Ya tambaye ni ko ya yi daidai. Na ce ya yi abin da takarda ta ce. Ya ce, “Sista, ba abin da na tambaye ki ke nan ba,” ya kashe waya.

Bari in rubuta wannan don in tuna wa kaina, tunda da alama na manta. Ba a shuka citta a bar ta tsirara. Ranar da aka binne iri, ranar ake rufe gonar da ganye, in ba haka ba rana ta dafa shi a cikin ƙasa. Ciyawar bakin rafi gobara ta cinye ta tun Janairu. Dajin gabas masu gawayi sun share shi tas. Kurmi kaɗai ya rage. Kuma ni Afiniki Dogara, da citta aka kai ni makarantar lauya.

Talata, ƙarfe huɗu na yamma

Na je wurin Madam Mildred, shugabar ofishinmu na nan. Ta saurare ni da kyau, wannan ba zan hana ta ba. Sannan ta maimaita mini aikinmu daga farko, kamar ba ni nake yi wa mutane wannan bayanin ba: itatuwa suna shanye hayaƙin da ke ɗumama duniya, masana'antun ƙasashen waje suna biya don a bar kurmi a tsaye, daga nan ƙauye ya samu famfon sola da rufin makaranta. Amma masu biya ba sa yarda da baki. A ƙarshen Mayu masu awo za su zo su duba itace ɗaya bayan ɗaya, in suka ga sabon sara za su rubuta cewa ƙauye ya karya alkawari, komai ya rushe, masu gawayi su dawo da injinsu.

Ta ce a yi haƙuri sai bayan awo a zauna a duba. Na ce ƙarshen Mayu citta ta riga ta yi ganye huɗu a gonar mai hankali. Ta ce ita ba manomiya ba ce. Gaskiya ta faɗa, a Kaduna aka haife ta, cittar da ta sani ta cikin shayi ce. Wanda ya rubuta sashe na tara fa, shi mene ne hujjarsa?

Laraba, 9 ga Afrilu, tsakar rana

Na kira Mama sau uku. Tana shiga, ba a ɗauka.

Jumma'a, 11 ga Afrilu, ƙarfe biyar na yamma

Shekara uku ke nan, kowace Jumma'a Mama tana ba direban bas ɗin Fadan Kaje ƙunshi ya kawo mini: acca, daddawa, wani lokaci man ja a gorar ruwa da aka ɗaure bakinta da leda. Na je tasha kamar kullum. Direba ya sauke buhuna, ya sauke akuya, ya sauke katifar wani ɗalibi. Da ya ga ina tsaye sai ya sake leƙa ƙarƙashin kujera, don kawai kada in ji kunya. Ya ce wataƙila tsohuwa ta makara.

Mama ba ta taɓa makara ba, ko ranar da muka binne Baba ta riga kowa fita.

Na biyo ta titin jirgi na dawo a ƙasa. Na dafa taliya, ta yi yawa, ban san me ya sa na auna ta mutum biyu ba.

Asabar, 12 ga Afrilu, ƙarfe shida na yamma

Na je gida, na dawo.

Na tarar da Mama a gindin mangwaro ta buɗe ramin da take ajiye iri. Cittar da ake kira tafin giwa ce, mai ruwan ɗorawa, irin da Baba ya bari. Shekarar da cuta ta ruɓar da cittar ƙasar nan gaba ɗaya, wannan matar ta bi gona da hannu tana tono, ta tsinci abin da bai kai kwando biyu ba. Ba ta sayar ba, ba ta ci ba, ta sake shukawa bara don ya yi yawa. Bana ne shekarar farko da zai cika gona. Duk ya fitar da ido, farare ƙal, yana neman ƙasa. In aka wuce mako uku ba a shuka ba zai tsotse kansa ya bushe, kuma irin Baba ya ƙare ke nan.

Na durƙusa na gaishe ta da yarenmu. Ta amsa mini da Hausa. “Sannu da zuwa, Barista. Yaya Kafanchan?” Wayyo. Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi. Ta sa aka kawo mini kujerar roba ta baƙi, aka ba ni ruwa a kofin gilashi, ita ta ci gaba da juya irinta.

Daga nan na wuce wurin Baba Andrawus, wan mahaifina, shi ne mai unguwa kuma shi ya fara dangwala yatsa a yarjejeniyar. Bai yi faɗa ba. Ya ce shi ya san halin mutanen Abuja, wato manyan kamfaninmu, sukan ɓoye ƙaya a cikin Turanci, ni kuma yarinya ce, sun fi ni wayo, ba su nuna mini ba. Ya ce abin da ya ɓata wa mata rai shi ne sun ɗauka suna da ido a ciki, ashe idon barci yake.

Na ce haka ne, Baba. Haka na ce. Na shiga bas na dawo.

Lahadi, 13 ga Afrilu, ƙarfe ɗaya

Na zauna a bencin baya a sujada. An ce a gaisa da na kusa, na kusa da ni ginshiƙi ne.

Litinin, 14 ga Afrilu, ƙarfe uku na yamma

Tirƙashi. Madam ta shigo da fara'a, wai an gayyace ni Kaduna wata mai zuwa in yi wa ɗaliban lauya jawabi a kan yadda mutum zai gina rayuwarsa a fannin dokar sauyin yanayi. Ta ce in kawo yarjejeniyar kurminmu a matsayin misali, musamman sashe na tara, don yanzu har wasu kamfanoni biyu sun kwafe shi.

Na zauna na fara rubutawa, don ba ni da abin da ya fi. Na rubuta cewa rage hayaƙi ba aikin injiniya kaɗai ba ne. Duk fitilar sola da aka kafa a ƙauye akwai takardar fili a ƙarƙashinta, duk kurmin da aka bari a tsaye akwai alkawari a bayansa, kuma wani ne zai zauna ya rubuta. Na rubuta cewa abokan karatuna sun tafi shari'ar zaɓe da rigimar filaye, suna ce mini lauyan itace, ga shi yau kurmin da nake gani tun ina goye yana nan tsaye, injin yankan katako bai shiga ba wata biyar. Duk wannan gaskiya ne, har gobe ina tsaye a kai.

Sai na zo inda zan gaya wa yaran abin da ya kamata lauya ya fara yi kafin ya ɗauki biro. Nan na tsaya. Na rufe kwamfuta, na zauna ina kallon fankar da ba ta juyawa har aka tashi.

Laraba, 16 ga Afrilu, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Na yi dabara irin ta mai digiri. Na je injin casar shinkafa na cika buhu goma sha biyu da buntu, na ɗora a a-kori-kura na aika gida, wai a rufe citta da shi. Meshak ya kira yana dariyar da ba ta daɗi ba. Ya ce buhu goma sha biyu ko kusurwar gonar Mama ba zai rufe ba, balle gonaki talatin. Mama ta ɗebi ɗan kaɗan ta watsa sama, iska ta kwashe, ta ce a zuba wa kaji a akurki.

Ya ce shi ma ba ta cin abinci tare da shi. Tana zuba masa, ta rufe, ta ajiye a bakin ƙofa. Abokansa a majalisa sun sa masa suna Sashe na Tara. Na so in ce masa ya yi haƙuri, ba laifinsa ba ne. In na faɗi haka zai tambaye ni laifin wa ne.

Jumma'a Mai Kyau, ƙarfe biyar na yamma

Na sake zuwa tasha. Direba yana hango ni ya girgiza kai tun daga nesa. Na yi kamar lemo na zo saya.

Lahadin Ista, 20 ga Afrilu, ƙarfe biyu na rana

Gidan hayarmu ba kowa, duk sun tafi ƙauyukansu, har maigadi. Ina jin ganga daga cocin bayan kasuwa. Karo na farko ke nan a rayuwata da na yi Ista ba a gida ba. Ba wanda ya ce kada in zo, ba kuma wanda ya tambaya ko ina zuwa. Kaɗaici ya ishe ni, na yi kuka har kaina ya yi ciwo.

To, Afiniki, tunda ba mai ji, rubuta.

Ba mutanen Abuja ba ne. Takardar da suka aiko cewa kawai ta yi kada a sare itace. Ni na ce bai isa ba. Na san wayon masu gawayi, sai su ce reshe kawai suka cire, bana reshe uku, baɗi reshe biyar, itace ya mutu a tsaye, su ce ai busasshe ne. Na rantse sai na toshe musu kowace kafa. Ni na ƙara reshe, ni na ƙara ganye, ni na ƙara ɗanye ko busasshe. Na ji daɗin kaina ranar, har na sayi tsire.

Kuma ranar taro a filin makaranta, a Nuwamba, ni na tsaya na fassara da yarenmu. Kowa hannunsa da ƙasar tonon citta, ana sauri a koma gona, shafi goma sha huɗu ne. Da na zo sashe na tara na ce, wannan na masu gawayi ne. Aka yi tafi. Maza suka dangwala yatsa. Mata suna can baya gindin bishiya suna feraye citta, ban tambayi ko ɗaya daga cikinsu me take ɗauka a kurmi ba. Ba ɓoyewa na yi ba, Allah ya sani. Ganyen rufi bai zo mini a rai ba ko sau ɗaya. Lokacin rufin citta kullum ina makarantar kwana, ina dawowa hutu in tarar da gona kore, ban taɓa tambayar wa ya ɗauko ganyen a ka ba.

Talata, 22 ga Afrilu, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na koma wa Madam da maganar lauya, ba ta 'yar gida ba. Na ce ganyen da aka shimfiɗa a gona ba ƙonawa ake yi ba, ruɓewa yake ya koma ƙasa, kuma itacen da aka rage wa ganye ba ya mutuwa in an san yadda ake yi. Yarjejeniya ta yarda a yi gyara in ɓangarori biyu sun amince. Zan rubuta gyara a sashe na tara, a ware yankan ganyen rufi, masu awo su tarar da shi a rubuce.

Ta ce to, amma Abuja ba za su karɓi “yadda aka saba” ba. Wane itace ake yanka? Daga ina zuwa ina? Kwana nawa? Wa ke hana wanda ya wuce gona da iri? Ta riƙe biro tana jira.

Ban san amsar ko ɗaya ba. Ko ɗaya fa.

Alhamis, 24 ga Afrilu, ƙarfe shida na yamma, a bas

Yau ranar zumuntar mata ce a cocin ƙauyenmu. Na isa suna tsakiyar waƙa, na tsaya a ƙofa da takalmin ofis da jakar kwamfuta. Shugabarsu, Mama Tagwai, ta ba ni minti biyar, ta ce suna da ajanda.

Na yi niyyar in fara da maganar gyara. Da na ga Mama a layi na biyu tana kallon bango sai na ajiye takardar. Na ce da yarenmu, “Ba Abuja ba ne suka rubuta sashe na tara. Ni ce. Kalmar ganye da hannuna na sa ta, kuma ban tambaye ku ba.”

Ba a yi ihu ba, gara ma a yi. Wata ta ja tsaki mai tsawo. Wata ta ce ai dama ta faɗa, Bature bai san ganye ba balle ya hana shi. Mama ta tashi ta gyara ɗaurin zaninta ta fita, ina jin ƙarar silifas ɗinta har ta wuce famfo.

Na ce ban zo a yafe mini ba, na zo a koya mini yadda ake yanka, don in rubuta. Mama Tagwai ta dube ni ta ce, ashe akwai abin da ba a koyarwa a Zariya. Ta ce in zauna a ƙasa, benci na masu zumunta ne. Na zauna a siminti na buɗe littafi.

Kai, ashe doka ce cikakkiya a bakinsu. Doka da maje kawai ake yanka, don suna sake toho kafin ruwa ya yi nisa. Ɗorawa da kaɗanya ba a taɓa su. Da lauje ake yi, wadda ta shiga da gatari an kore ta shekara biyu. Ba a hawa, iyakar inda hannu ya kai kana tsaye a ƙasa. Kan itace ba a taɓawa. Gefen rafi bana, gefen dutse baɗi. Kowane gida da layinsa tun daga kakanni, gwauruwa ita ke fara shiga. Suna faɗa suna gardama, biyu sun kusa dambe a kan ko itacen da ke da sheƙar tsuntsu ana tsallake shi ne gaba ɗaya ko reshen kawai. Na cika shafi shida. Shekara nawa kurmin nan ya yi a hannunsu bai mutu ba, ni na zo da shafi goma sha huɗu wai zan cece shi daga gare su.

Da zan tafi ba wadda ta raka ni. Mama Tagwai dai ta ce in karanta musu abin da na rubuta kafin in aika, duka, ba a taƙaice ba. Na karanta. Sun gyara mini wuri uku.

Jumma'a, 25 ga Afrilu, ƙarfe tara na safe

Baba Andrawus ya dangwala yatsa a takardar gyaran, bai dube ni ba. Na aika Abuja. Yau ba zan je tasha ba.

Jumma'a, ƙarfe biyar da kwata

Na je.

Litinin, 28 ga Afrilu, ƙarfe huɗu na yamma

Amsa ta zo, layi uku. Sun yaba da ƙoƙarina, gyaran yana da ma'ana, kwamiti zai duba bayan awo. Kafin nan yarjejeniya tana nan yadda take.

Meshak ya ce an yi ruwa mai ƙarfi jiya, ƙasa ta jiƙu yadda ake so. Wasu sun fara zancen su shiga kurmi da ƙarfi, in ya so a kore kamfanin. Dillalin gawayi ma an gan shi a kasuwa yana saya wa matasa burkutu. Na tambayi Meshak labarin irin Mama. Ya ce na saman ramin ya fara yamushewa, jiya ta ware kwando guda ta zubar a bayan gida. Ya ce ba ta yi kuka ba, ta dai daɗe a tsaye a wurin.

Talata, 29 ga Afrilu, ƙarfe sha biyu na rana

In ƙauye ya shiga da kansa, ƙauye ya karya alkawari, kurmi ya tafi. In ba a shiga ba, iri ya tafi. Na juya takardar nan ta kowace fuska, hanya ɗaya na gani. Dole laifin ya zama na wanda ba ƙauye ba.

Na rubuta wasiƙa da sunana da hatimina, zuwa ga mai unguwa, kwafi ga Madam da Abuja da masu awo. Na ce ni na tsara sashe na tara, ni na fassara shi, kuma ban gaya wa jama'a ya shafi ganyen rufi ba, saboda haka ba su taɓa amincewa da wannan hanin ba. Na ce a matsayina na lauyan kamfani na umarci mai gadi ya buɗe hanya daga gobe, kwana goma, bisa ƙa'idojin mata da na liƙa a baya. Duk wanda ya ga sara a kurmi, ni zai tambaya.

Na kai wa Madam da hannuna. Ta karanta sau biyu, ta cire tabarau. Ta ce na san ba ni da ikon ba da wannan umarni, kuma na san abin da Abuja za su yi, ƙila har su kai ni gaban kwamitin ladabtar da lauyoyi. Na ce na sani. Ta ce shekara bakwai na karatu fa, Afiniki. Ta ce ita ba ta ga wasiƙar nan ba sai gobe da rana, yau idonta na ciwo.

Ina jin tsoro, ba zan yi wa littafin nan ƙarya ba. Aikin nan shi ne abu ɗaya da na iya, kuma ina son sa.

Laraba, 30 ga Afrilu, ƙarfe shida da rabi na yamma, a gida

Na shiga bas ɗin farko. Na tarar da mata sun taru a bakin kurmi, sun fi arba'in, ba wadda ta tsallake allon. Baba Andrawus ya sa an karanta musu wasiƙar da na aika masa jiya da bas ɗin yamma, amma sun ce sun taɓa jin takarda daga bakina. Mama tana can gefe da laujenta a kafaɗa.

Na karɓi lauje a hannun Mama Tagwai na wuce Meshak. Ya buɗe littafin da yake rubuta masu laifi, ya tambaye ni ko da gaske ya rubuta. Na ce ya rubuta, da kwanan wata da lokaci, ya sa ni a layin farko.

Na sami doka na kama reshe na fara gwagwiya. Laujen yana zamewa, ganye na zubo mini a ido. Da na ga na ƙasa sun ƙi, sai na ɗaga ƙafa na taka kututture don in kai na sama. Sai na ji murya a bayana, da yarenmu.

“Sauko. Ke kika rubuta ba a hawa, ko shi ma ba ki karanta ba?”

Mama ce. Ta karɓe laujen, ta kama reshe ta lanƙwasa, sara ɗaya ya faɗi. Ta yi na biyu a hankali don in gani, ta miƙo mini. Da mata suka ga gwauruwa ta fara, sai suka shigo layi-layi, kowa ta nufi itatuwan gidansu, ba mai tambayar wata.

Mun yi sawu tara. Ta naɗa mini gammo da tsohon ɗankwalinta, duk da haka wuyana kamar ba nawa ba. Meshak ya gama aikinsa ya cire hula ya zo yana binne iri, mu muna rufewa a bayansa. Kashi ɗaya cikin uku na irin Baba ya riga ya mutu. Gefen gonar da ke wajen tsamiya haka zai zauna bana ba komai. Mama ta tsaya ta kalli wurin, ni ma na kalla.

Da ƙarfe uku saƙo ya shigo waya. An dakatar da ni daga aiki har sai an gama bincike, in mayar da kwamfuta da makullin ofis. Maganar Kaduna ma an ba wani. Ban gaya wa kowa ba. Ko kurmi zai tsira a hannun masu awo, ban sani ba, wasiƙata dai tana gabansu.

Ina zaune a dokin ƙofa ina wannan rubutu, biro na zamewa don tafin hannuna duk ya yi bororo. Mama ta zo ta ajiye kwanon gwaten acca a tsakaninmu, cokali biyu a ciki. Ba ta ce ta yafe ba, ban kuma tambaya ba. Ta dubi ƙafata ta ce, “Saura layi huɗu gobe da asuba. Kada ki zo mini da wannan takalmin.”